IL-2: Furotin da ke rayar da ƙwayoyin garkuwar jiki a ɗakin bincike

Ƙwayoyin garkuwar jiki ba su da baki, amma suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan furotin. Ɗaya daga cikinsu shi ne interleukin-2, ko IL-2, wanda ke umartar fararen ƙwayoyin jini nau'in T su hayayyafa idan cuta ta shigo.

A 1976 aka gano shi a ɗakin binciken Robert Gallo, a Cibiyar Nazarin Cutar Daji ta Amurka. Kafin nan, ƙwayoyin T ba sa daɗewa a kwalbar gwaji sai su mutu. Da aka samu abin da zai rayar da su makonni, sai hanya ta buɗe, har aka kai ga ware ƙwayar cutar HTLV-1 a 1980, daga baya kuma HIV.

Matsalar ita ce, abin da ake tatsowa daga jini bai taka kara ya karya ba. A 1983 Tadatsugu Taniguchi da abokan aikinsa a Japan suka ware ƙwayar halittar da ke ƙera shi. Yanzu ana dasa ta a cikin bakteriyar E. coli, ita kuma ta yi ta samar da furotin irin na mutum. Sai a tace shi, a busar ya zama gari, a sayar a 'yan mitsitsin kwalabe. Tacewar nan ce ke bambanta mai kyau da maras kyau, domin ɗan ragowar dafin bakteriya kaɗai ya isa ya ruɗa sakamakon gwaji.

A 1992 Amurka ta amince da wani nau'insa don maganin dajin ƙoda, sai dai na ɗakin bincike ba a yi wa mutum allurarsa.