Kiwon Kaji a Bayan Gida: Me Ya Sa Hunturu Ke Share Mana Akurki?

A Kasalgu da sauran unguwannin da ke gefen Tamale, da wuya ka shiga gida ka rasa kaza. Ita ake yanka wa baƙo, ita ake kamawa a kai kasuwa ranar da yaro ya dawo da takardar kuɗin makaranta ko ta asibiti, galibi kuma hakkin uwargida ne. Sai dai duk mai kiwo ya san yadda labarin ke ƙarewa. Ana shiga Disamba, iska ta fara busawa, sai a wayi gari kaza ɗaya ta takure a jikin bango, fukafukai a ƙasa. Kafin mako ya zagayo akurki ya zama kango. A ce annoba ce, a yi haƙuri, da damina a sake sayen biyu a fara daga tushe.

Haƙuri abu ne mai kyau, amma wannan asara ba dole ba ce. Abin da ke jawo ta shi ne wata magana da muka gada, wai kazar gida ba ta buƙatar komai, ita ke ciyar da kanta. Gaskiya ne tana da juriya fiye da kajin turawa. Juriyar nan kuwa ba ta kai ta tsallake ƙofofi biyu da mutuwa ke bi ba: annobar rani, da makonnin farko na ɗan tsako.

Annobar da ke zuwa da hunturu, mafi yawan lokaci ita ce likitocin dabbobi ke kira cutar Newcastle. An fara gane ta a shekarar 1926, a tsibirin Java na Indonesiya da kuma garin Newcastle na Ingila, inda ta samo suna. Alamominta ba ɓoyayyu ba ne: zawo kore, numfashi da baki a buɗe, kasala, sannan wadda ta ɗan jure sai wuyanta ya murɗe ta riƙa juyi a wuri ɗaya. Idan mai zafin ce ta faɗa cikin kajin da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya kashe kusan dukansu. Ga kuma abin da ya kamata kowa ya riƙe: ba ta da magani. Ƙwayar da ke kawo ta ba irin wadda kafso ke kashewa ba ce. Kafson ja da rawaya da ake farkewa a zuba a ruwa, da barkono, da ɓawon maɗaci, duk ba sa taɓa ta. Wadda ta tashi bayan an ba ta su, da ma can za ta tashi.

Rigakafinta kuwa yana nan, kuma ba shi da tsada. Akwai wani iri da ake kira I-2, wanda masana a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka samar musamman domin kajin ƙauye, saboda ya fi sauran jure zafi, ba ya lalacewa da zarar ya bar firji. Hukumar kula da lafiyar dabbobi ta Ghana tana haɗa shi a cikin ƙasa. Ba allura ba ce, ɗigo ɗaya ne a ido, daga ɗan tsako har zakara. Ana maimaitawa duk bayan wata 4, wato sau 3 a shekara. Sharaɗin da mutane ke karyawa shi ne lokaci. Jikin kaza yana buƙatar mako 1 zuwa 2 kafin ya gina kariya, don haka wanda ya jira sai kajin maƙwabci sun fara zubewa ya makara. A yi shi a Oktoba ko farkon Nuwamba, tun kafin iska ta juya. Kuma ba a ɗiga wa kazar da ta riga ta kamu. Idan ta mutu sai a ce rigakafin ne ya kashe ta, a ɓata wa unguwa duka tunani.

Kwalba ɗaya tana isar kaji da yawa fiye da na gida guda, kuma idan an buɗe ta ba ta daɗewa. Saboda haka dabara ita ce gidaje goma ko ashirin su haɗa kuɗi, su sa rana, su kira ma'aikacin dabbobi daga ofishin gona na Sagnarigu. A kulle kajin tun daren, a yi aikin da sassafe a inuwa. Mutanen wannan yanki ba su da uzurin nisa. Kwalejin horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi tana Pong-Tamale a kan hanyar Bolgatanga, tsangayar aikin gona ta Jami'ar UDS kuma tana Nyankpala. Ilimin yana kusa, tambaya ce ba ma yi.

Ta ina cutar ke shigowa gida? Sau da yawa da kuɗinmu muke sayo ta. Wanda ya ga kajinsa sun fara mutuwa, abin da ya fara zuwa masa shi ne ya kwashi ragowar ya nufi kasuwa kafin su ƙare. Kai kuma ka je kasuwar Aboabo, ka tarar da kaza ƙatuwa a rabin kuɗi, ka yi murna. Araha ba ta ado. Lokutan Sallah, Damba da Kirsimeti, da kaji ke yawo daga hannu zuwa hannu, su ne lokutan da ya kamata a fi tsoro. Duk kazar da ta shigo gida, ko saye ko kyauta, ko wadda aka kai kasuwa ba a sayar ba aka dawo da ita, a ware ta mako 2 nesa da sauran. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a bola kare ya ja ta zuwa gidan wani. Sayar da kazar da ka san tana ɗauke da cuta kuwa ha'inci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Akwai wata mutuwar da ba a wasa da ita. Idan kaji suka zube da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, zanko ya yi baƙi-baƙi, kai ya kumbura, ana iya zargin murar tsuntsaye. Ta ɓulla a Jihar Kaduna ta Najeriya a Fabrairun 2006, ta iso Ghana a 2007, ta sake dawowa a 2015 da 2021. Wannan tana iya kama mutum. Kada a yanka, kada a fige, kada a bar yara su taɓa. A sanar da ma'aikatan dabbobi nan take.

Sai maganar akurki. Irin wanda muka saba, ɗan ƙaramin gini na laka a jikin katanga mai ƙofa da hannu kawai ke shiga, yana hana muzuru, amma ba ya sharuwa, kuma nan ƙuma da ƙwarƙwata ke tarewa har su hana kaza kwanci. Akurki nagari ba sai da siminti ba. Laka ta isa, in dai an yaɓe tsagu, an ɗaga daɓen sama da inda ruwan Agusta da Satumba ke kwanciya, an yi ƙofar da tsintsiya da mai riƙe da ita za su shiga. A bar tagogi a sama, a rufe su da waya mai ƙananan ido saboda maciji da ɓera. Rufin ciyawa ya fi kwano sanyi. Wanda ya san zafin Maris a Tamale, lokacin da ake dosar digiri 40, ya san abin da kwano tsirara zai yi wa kaza. In kwanon ne ke akwai, a shimfiɗa ciyawa a kansa. A gitta sanda su hau su kwana, kowace kaza ta samu wajen taƙi guda. A zuba ƙaiƙayin shinkafa a ƙasa, wanda ake samu a banza wurin masu inji, a riƙa kwashewa ana kai wa gona. Toka a kusurwa tana rage ƙwari. Maganin feshin gona ba na jikin kaza ba ne, ba kuma na akurki ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta 'yan tsaki, kuma a nan asarar ta fi yawa, sai dai ba ta da amo, shi ya sa ba a lissafa ta. Kaza ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, washegari ta ja su cikin raɓa. Shirwa ta ɗauki biyu, kwata ta ci ɗaya, sanyi ya kama uku. Bayan wata biyu ana ganinta da huɗu, a ce ta yi ƙoƙari. Da an tsare su tare da uwar a ƙarƙashin babban kwando ko keji na mako 4 zuwa 6, ana matsar da shi zuwa wuri mai tsabta kullum, da mafi yawansu sun rayu. Amma wanda ya tsare kaza ya ɗauki nauyin cikinta. Tsakin masara ko na dawa kaɗai ba ya gina jiki. A haɗa da ɗan garin ƙuliƙuli marar gishiri, ko waken suya da aka soya aka niƙa (ɗanye yana hana su girma), ko garin ƙananan kifi, da ganyen zogale. Manoman arewacin Ghana sun daɗe da sanin dabarar kifa tukunya mai busasshen kashin shanu da kara a kan gidan gara, da safe a juye wa 'yan tsaki.  Masarar da ta yi fumfuna, wadda aka ƙi ci a gida, kada a ce ai kaji ne, dafin da ke cikinta yana lalata musu hanta. Ruwa kuma a faranti marar zurfi, a jefa tsakuwa a ciki don kada su nutse, a canza shi kullum.

Masu sayen 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya da ake kawowa daga Kumasi, su sani waɗannan ba su da uwa, kai ne uwarsu. Suna son ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa sannu a hankali. In ba ma'auni, su da kansu za su gaya maka: sun cunkushe a jikin fitila, sanyi suke ji, sun watse gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Mai amfani da gawayi ya bar wa hayaƙi hanya. Suna kuma da jadawalin rigakafi, har da na cutar Gumboro, wanda ya kamata a karɓa a rubuce daga mai sayarwa. In aka ga jini a kashi, a nemi ma'aikaci, wannan cutar kam tana da magani. Duk kazar da aka ba magani, a tambayi kwana nawa za a jira kafin a ci namanta ko ƙwanta, domin ragowar yana komawa cikin mai ci.

Wajen iri, muna da wata ɗabi'a da ke cutar da mu. Zakaran da ya fi girma shi ake yankawa ranar Sallah, ko a sayar don ya fi kuɗi, a bar ƙanƙararre yana hawan kaji. Shekara biyar a haka, sai a ce kajin yanzu ba su da jiki. A bar mafi kyau, a ci na baya. Zakara 1 ya ishi kaji 10, kuma a musanya shi da na wata unguwa duk shekara ko biyu, don kada ya riƙa hawan 'ya'yansa. Ƙwan da za a sa wa kaza kada ya wuce mako guda da haihuwa, a ajiye shi a wuri mai sanyi, kada a wanke, kuma kada a ɗora mata fiye da abin da ƙirjinta zai rufe, 10 zuwa 12 ya isa. Na kaza kwana 21 yake yi. Na zabuwa yana kai 26 zuwa 28, don haka mai son haɗa su a ƙarƙashin kaza ɗaya sai ya fara sa na zabuwa da kamar mako guda.

Gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da shirin kiwo don abinci da aikin yi a garin Wa a 2019, an kuma raba zakarun inganta iri a wurare da dama. Ba laifi. Amma zakaran turawa da aka saki cikin garken da ba rigakafi, ba akurkin kirki, shi ne zai fara faɗuwa, kuma 'ya'yan da aka samu daga gare shi ba kasafai suke son kwanci ba. Kada mai kiwo ya rabu da kajinsa na gida gaba ɗaya saboda kwaɗayin girma.

Malam, uwargida, kafin a ƙara sayen ko kaza ɗaya bana, a zauna da maƙwabta a sa ranar ɗigon ido, a rubuta ta a bango, a ƙirga wata 4 a rubuta ta gaba. Idan Nuwamba ta kama ba a yi ba, a je ofishin gona a tambaya a wannan makon.