Yadda Ɗalibai Za Su Ƙawata Ɗakinsu da Kuɗi Kaɗan

Gabatarwa

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Wannan karin magana ta yi daidai da mai sayen kayan aure, amma ɗalibin da ke jiran abin da za a aiko masa daga gida a ƙarshen wata ba shi da wata mafita sai arahar. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, musamman sababbin shiga, yadda mutum biyu ko uku za su haɗa kai su mayar da ɗakin haya wurin zama mai tsafta da ban sha'awa, ba tare da sun taɓa kuɗin abinci ko na littattafai ba. Na tattaro bayanan ne daga zaman da na yi da abokan zama a nan Lafiya, da kuma abin da muka koya a darussan al'ada.

Halin da Ake Ciki

Tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin yake ta cika. Kafa Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara yawan masu neman ɗaki, ga kuma ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai da na Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu. Da yake ɗakunan kwana na cikin makaranta ba sa isa, ɗalibai da dama suna kama haya a unguwanni irin su Gandu da Akunza. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, farashin kusan komai ya tashi. Ko asusun ba ɗalibai rance, wato NELFUND, da ya fara aiki a 2024, naira 20,000 ya yanke a matsayin kuɗin ɗawainiya na wata. Duk wanda ya san kasuwa ya san abin da zai rage bayan an sayi abinci an biya kuɗin mota.

Darasi daga Jere

Ni da na tashi ina jin Eggon a gida, sai da na shiga aji na fahimci cikakkiyar ma'anar kalmar "jere". A al'adar Bahaushe, kafin amarya ta tare, mata 'yan'uwanta kan je su jera mata kayan ɗaki: ƙore da tasoshi da kwanoni da fayafai, babba a ƙasa, ƙarami a bisa. Abin lura shi ne, yawancin waɗannan kaya na amfanin yau da kullum ne, tsarin da aka yi musu shi ya mayar da su ado. Wannan shi ne ginshiƙin abin da zan faɗa, wato a fara da tsara abin da ake da shi kafin a je kasuwa.

Mataki na Farko: Yarjejeniya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kuma an ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Kafin a kashe ko kwabo, abokan zama su zauna su raba kaya gida biyu a rubuce. Kashi na farko shi ne abin da ba ya rabuwa, kamar fenti da ledar ƙasa, wanda za a yi wa karo-karo daidai wa daida. Kashi na biyu shi ne abin da ake iya ɗauka, kamar madubi da tebur da fanka. A nan gara kowa ya sayi abu ɗaya shi kaɗai, domin ranar rabuwa kowa ya ɗauki nasa ba tare da gardama ba. Haka kuma a nemi izinin mai gida kafin a yi fenti ko a kafa ƙusa, don kada ya riƙe kuɗin ajiya da sunan an ɓata masa bango.

Bango

Idan bango ya yi dauɗa, a fara gwada wanke shi da ruwa da sabulu. In sai an yi fenti, fentin ruwa ya fi na mai araha, ya fi saurin bushewa, warinsa kuma bai kai na mai ba. Ana sayar da shi a galan mai lita 4 da bokiti mai lita 20, saboda haka maƙwabta masu ɗakuna biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su sayi bokiti guda su shafa da kansu. A zaɓi launi mai haske, kamar fari ko ruwan madara, domin yana mayar da haske cikin ɗaki, ta yadda ƙwan lantarki ɗaya ko fitilar caji za ta wadatar wajen karatun dare. Farar ƙasa ta fi komai araha, sai dai tana gogewa a tufafi.

Ƙasan Ɗaki

A auna ɗaki kafin a tafi kasuwa. Misali, idan tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa ma 12, faɗin ledar kuma ƙafa 6, to ana buƙatar falle biyu masu yadi 4 kowanne, wato yadi 8 ke nan, tun da yadi ɗaya ƙafa 3 ne. Damina a Lafiya tana da tsawo, takan fara daga wajen Afrilu har zuwa Oktoba, kuma simintin wasu ɗakunan yana jan danshi. Leda tana kulle danshin a ƙarƙashinta, daga nan sai wari da fumfuna, har katifa ta lalace. Don haka a ɗakin da ke da danshi tabarma ta fi, domin ana iya naɗe ta a shanya a rana. Kafet mai gashi kuwa ma'ajiyar ƙura ce a lokacin hunturu, yana kuma wahalar da mai ciwon asma.

Labule da Wurin Ajiya

Ba dole sai an sayi labule ɗinkakke ba. Tsohon zani ko zanen gado na gwanjo, in tela ya kalmashe bakinsa, ya wadatar. A sa faɗinsa ya kai na taga sau ɗaya da rabi domin ya yi tattara mai kyau. Haka nan labule a kan igiya yana iya raba ɗaki biyu, kowa ya sami sirrinsa. Game da ajiya kuwa, a yi amfani da sama maimakon ƙasa. Kafinta na iya haɗa kanta ta littattafai da ragowar katako, akwati kuma in an lulluɓe shi da mayafi ya zama tebur. Takalma da bokitai da tukwane su sami kusurwa guda.

Adon Ɗalibin Harshe

Fayafai uku masu launi da aka rataya a jere sun fi hotunan kalanda goma kyau. Mai hannun zane na iya zana dagi a kwali, irin wanda ake gani a bangon gidajen gargajiya na Kano da Zariya. A ɗakinmu mun manna kwali mai ɗauke da karin magana, muna sauya shi duk mako, da wani mai baƙaƙen ajami. Ga mu da Hausa ta zama harshe na biyu, wannan bita ce ta kullum. Kayan ɗakin ma kansu darasi ne na aron kalmomi: katifa daga Larabci, leda da fenti daga Turanci, akwati kuma daga Yarbanci.

Hattara

Kada a kunna kyandir ko maganin sauro na hayaƙi kusa da labule ko katifar soso, domin nan da nan suke kama wuta. Kada a bi da wayar lantarki ta ƙarƙashin leda, kada kuma a cika wa soket ɗaya kaya. Bugu da ƙari, kada a cire gidan sauro wai don yana ɓata tsarin ɗaki. Da safe a tattara shi a ɗaure sama, da dare a sake shi. Kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro da darussan da za su wuce mutum yana kwance sun fi kowane ado tsada.

Kammalawa

A taƙaice, abin da ɗakin ɗalibi ke buƙata shi ne tsafta da haske da tsari da fahimtar juna tsakanin mazauna cikinsa. Ina ba sababbin ɗalibai shawara su yi mako biyu a ɗaki kafin su sayi wani abin ado, domin a lokacin ne za su gane inda rana ke shigowa, da inda danshi yake, da abin da suke buƙata da gaske. Abin da ya rage na kuɗi kuwa a adana shi, domin zangon karatu yana da tsawo.