Adar da Majiya: Daga Aikin Tilas Zuwa Haƙƙin Manomi

Duk ƙasar da ta kama hanyar ci gaba sai ta ci karo da tambaya guda: wa ke zub da gumi, wa kuma ke cin moriya? A Ingila, sa'ad da injunan saƙa suka cika garuruwa, ma'aikata sun shiga ƙuncin ƙarancin albashi da tsadar abinci. A shekarar 1844 mutum 28 na garin Rochdale, da dama cikinsu masaƙa, suka haɗa ɗan abin hannunsu suka buɗe kanti na kansu, kowa da murya guda wurin shawara, riba kuma a raba ta gwargwadon sayayyar kowa. Daga nan tsarin ƙungiyoyin gama-kai ya bazu cikin duniya. Tambayar nan ta iso ƙasar Adar da Majiya, wato gundumomin Madawa, Buza da Keita cikin jihar Tawa, amma ta wata hanya dabam. Can talakawa ne suka tsiro da gyara. Nan kuwa yawanci daga sama ya sauko.

A zamanin mulkin Faransawa, aikin hukuma tilas ne. Akan ɗebi majiya ƙarfi daga garuruwa su gyara hanya ko su ɗauki kaya, har da lokacin da gonakinsu ke jiran noma. Dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ita ta soke aikin tilas, kuma cikin wannan shekarar aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai. An soke dokar zalunci, amma tabon bai goge ba: manomi ya riga ya koyi cewa aikin da ya zo daga bakin kumandan ba nasa ba ne.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta ɗauri aniyar gyaran karkara. A 1962 aka kafa UNCC domin ba manoma bashi da kuma sayen amfanin gonarsu, a 1963 kuma aka soma aikin wayar da kai cikin ƙauyuka. Noman auduga ya yaɗu a fadamar Majiya, injin gurzar ta yana Madawa; ma'aikatar siminti ta Malbaza ta soma aiki a 1966; aka kuma gina madatsar ruwa a Ibohamane kusa da Keita. Sai dai ma'aikatan hukuma ne ke riƙe da littafi da sikeli, su ke faɗin abin da za a shuka da kuɗin da za a saya. Ƙungiyar da aka ce ta manoma ce, da yawansu suna kallon ta tamkar wani ofishin gwamnati.

Farin shekarun 1970 ya tona asirin kowa. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya farfaɗo da samariya, daga baya ya jingina tsarinsa na raya al'umma bisa ginshiƙai biyu, samariya da ƙungiyoyin gama-kai. Matasa sun gina azuzuwa, sun shuka itatuwa ta hanyar gayya, duk da yake umarni daga sama yake fitowa. A 1975 kuma, cikin gundumar Buza, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka soma jera dogon yaro layi biyu-biyu a fadamar Majiya, da tazarar kimanin mita 100, domin kare shuka daga iska. Bincike ya nuna hatsi ya ƙaru a gonakin da ke tsakanin layukan. Amma da itatuwa suka isa sara, sai gardama ta taso: na mai gona ne, na waɗanda suka shuka ne, ko na hukuma? Sai da aka shigar da mutanen garuruwa cikin sha'anin sara da rabo.

A 1984, shekarar da fari ya sake afkawa ƙasa, aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar PAM na biyan ma'aikata da abinci. Maza da dama sun tafi cin rani Nijeriya ko Abijan, saboda haka mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Su suka yi jigilar duwatsu a ka, suka haƙa ramukan tare ruwa bisa tuddai, suka maido da fako gona. Zuwa 2003 an shuka itatuwa kimanin miliyan 18, an kuma farfaɗo da fiye da hekta 30,000. Duk da haka tsohuwar tambaya ta dawo, domin ƙasar da ba mai kallon ta jiya, da ta yi albarka sai masu ita suka bayyana, kuma ba kullum ne matar da ta sha rana a kanta ke samun rabo ba.

Doka ta biyo baya a hankali. Kundin dokokin karkara na 1993 ya amince da mallakar gona ta gargajiya, ya kuma kafa kwamitocin filaye masu ba da takardar shaida. A 2020 wata doka ta tabbatar wa manomi haƙƙi bisa itatuwan da ya raina da kansa cikin gonarsa.

Darasin a fili yake. Aikin Keita ya ƙare tuni, baƙi sun koma gida, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Layin dutse ko dogon yaro ba ya ɗorewa sai inda mai kula da shi ya san amfanin nasa ne. Ya kamata manoman Madawa, Buza da Keita su nemi takardun gonakinsu wurin kwamitocin filaye, sarakuna da magadan gari kuma su tabbata an rubuta sunayen matan da suka raya fako cikin masu haƙƙi.