Samar da Wutar Lantarki Daga Zafin Murhu



Murhun gargajiya mai duwatsu uku mai almubazzaranci ne. Daga cikin zafin da itace ke bayarwa, abin da yake shiga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura kuwa iska ke kwashewa. To, a ƙauyen da wayar lantarki ba ta isa ba, ko za a iya tare wani abu daga wannan asara a mai da shi hasken fitila? Amsa ita ce ana iyawa, amma da sharaɗi, kuma a kan sharaɗin nan nake so mu tsaya.

Asalin al'amarin tsoho ne. A shekarar 1821 wani masani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya haɗa bakin ƙarfe iri biyu, ya ɗumama mahaɗa ɗaya ya bar ɗayar da sanyi, sai ya ga allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Watau bambancin zafi tsakanin gefe biyu ya sa lantarki ya gudana. A lura, bambancin ne yake aikin, ba zafin kansa ba. A yau ana amfani da ɗan faranti wanda faɗinsa bai fi tafin hannun yaro ba, cike da gaurayen ma'adinai biyu, bismut da teluriyam. Ba shi da injin da ke juyawa, ba ya ƙara, ba ya shan mai. Ni dai ina kiransa farantin zafi da sanyi, ko da yake masu ƙirƙirar kalmomi suna iya samo masa sunan da ya fi wannan daɗin faɗa.

Ɗumama gefe ɗaya abu ne mai sauƙi, tun da wuta ga ta nan. Wahalar tana wajen sanyaya ɗaya gefen, domin da zarar zafi ya ratsa farantin gefunan biyu suka daidaita, lantarki ya tsaya ke nan, kome ƙarfin wutar. Masanan Tarayyar Sobiyet, ƙarƙashin Abram Yofe na Leningirad, sun yi wa wannan matsala dabara mai ban sha'awa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sun ƙera wa mayaƙan sunƙuru tukunya wadda aka dasa irin waɗannan ma'adinai a gindinta. Wuta tana ƙasa, ruwa yana ciki, shi kuwa ruwa kome tafasarsa ba ya wuce awo 100 na zafi, saboda haka bambancin ya dore, rediyon mayaƙa ya sami abincinsa. Bayan yaƙi, a shekarun 1950, sai suka ɗora irin wannan na'ura a kan fitilar kananzir don rediyon mutanen karkara.

A nahiyarmu ta Afirka, masu bincike daga Kwalejin Trinity ta Dablin, a ƙasar Ailan, sun gwada abin a Malawi wajen shekarar 2013. Sun maƙala farantin a jikin murhun yumɓu da mutanen ƙasar ke kira chitetezo mbaula, yana cika ƙaramin batir yayin da ake girki, daga nan a kunna fitila ko a ba wayar hannu caji. Haka kuma kamfanin BioLite na Amurka ya sayar da murhu mai irin wannan fasaha a Indiya da Gabashin Afirka, wanda yake bayar da kimanin wat 2.

Wat 2 fa, jama'a! Wannan ba zai ɗauki firji ko injin niƙa ba, domin farantin ba ya mai da fiye da kashi 5 cikin 100 na zafin da ya ratsa shi zuwa lantarki. Bugu da ƙari, in wuta ta yi masa yawa ƙonewa yake yi, kuma maƙerin ƙauye ba shi da abin da zai gyara shi da shi. Ga shi kuma ƙasar Hausa Allah Ya hore mata rana, farantin hasken rana kuwa yana aiki yini guda ba tare da an ƙone ko kara ɗaya ba. A ganina, wanda ya ce a hura wuta don kawai a sami lantarki a yankin da hamada ke cin gonaki, ya yi gyaran gangar auzinawa.

Inda abin ya fi amfani shi ne wajen hayaƙi. Ɗan lantarkin nan ya isa ya juya ƙaramar fanka mai hura iska cikin murhu, itace ya ci sosai, hayaƙi ya ragu ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2, kuma mata da ƙananan yara, su da suke yini a madafa, su ne suka fi shaƙar ta. Cajin wayar kuwa shi ne abin da zai iya sa maigida ya yarda ya fid da kuɗin murhun da uwargida za ta yi girki a kansa.