Abin Da Ke Ka Da Yaranmu Wajen Turanci

Jama'ar zango, mu da muke aikin akawu mun sha ganin yaronmu ya zo neman aiki, rubutunsa tsaf, amma da ya buɗe baki sai a ce ya tafi, za a neme shi. Ba daƙiƙanci ba ne, harshensa ne ya saba da tafiyar Hausa. Gana ta sami mulkin kai a 1957, amma ba ta sake harshen ofis ba, saboda haka maganar ta shafi tuwon kowane gida.

Abu na farko shi ne gaɓa. A Hausa gaɓa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, sai mun cusa wasali tsakani. Shi ya sa bread ya zama burodi, driver ya zama direba. A kasuwa ba laifi, amma a Turanci bread gaɓa ɗaya ce, driver biyu. Yaro ya sa hannu ƙarƙashin haɓarsa ya faɗi kalma, duk sa'ad da haɓar ta sauka, gaɓa ɗaya ke nan.

Na biyu, nauyin murya. Mu da hawa da saukar murya muke rarrabe kukan yaro da kukar miya. Su kuwa Turawa danna gaɓa ɗaya suke yi fiye da sauran. Ga permit: in an danna farkonta, takardar izni ce, in an danna ƙarshenta, ba da izni ne. Kalmar da ta ƙare da -tion kuwa, kamar education da application, gaɓar da ke dab da wannan ƙarshen ake dannawa.

Na uku, doguwar kalma haɗe-haɗe ce, kada ta ba yaro tsoro. Yadda muke fitar da marubuci daga rubuta, haka suke yi. A cikin unemployment, employ ɗaukar ma'aikaci ne, -ment ya mai da ita suna, un- ya kore ta, watau rashin aiki. Wanda ya gane haka ya san inda zai raba kalma in layi ya ƙare masa.

To, iyaye, ku riƙa sa yaranku karatu da babbar murya kowace yamma, ko minti 10 ne, wanda ya iya yana saurare yana gyara. Da icce yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya taimake mu, amin.