Yadda Ake Ambaton Madogara a Rubutun Yau da Kullum

Ɗalibi, idan kana rubuta wa abokinka wasiƙa, ko kana shirya jawabin muhawara a makaranta, sau da yawa za ka kawo bayanin da ka karanta a wani wuri. Wurin da ka samo bayanin shi ake kira madogara. Wajibi ne ka ambace shi, domin ɗaukar aikin wani ba tare da faɗin sunansa ba satar fasaha ce. Haka kuma, maganar da ta tsaya a kan "an ce" ba ta wuce jita-jita ba, don mai karatu ba shi da hanyar tabbatar da ita.

A rubutun bincike na jami'a, ƙa'idar tana da tsauri. Marubuci yakan sa sunan mawallafi da shekarar bugu a cikin baka biyu, kamar haka: (Imam, 1934). Daga ƙarshen aikin kuma sai ya jera manazarta bisa tsarin abacada, ya faɗi sunan kowane littafi da maɗaba'arsa.

Rubutun yau da kullum ba ya bukatar wannan duka. Abin da za ka yi shi ne ka saka madogarar a cikin jimlarka, yadda za ta karantu kamar hira. Misali: "Abubakar Imam ya ba da labarin tafiye-tafiyen Alhaji Imam a littafinsa Ruwan Bagaja, wanda aka buga a 1934." Ka ga jimla ɗaya ta amsa tambayoyi uku: wa ya faɗa, a ina, kuma yaushe?

Ga abubuwa huɗu da za ka kiyaye. Na farko, ka ja layi a ƙarƙashin sunan littafi ko jarida idan da hannu kake rubutu. A kwamfuta kuwa, ka karkata haruffansa. Na biyu, idan ka ɗauko kalmomin marubuci yadda suke, ka sa su tsakanin alamun buɗe magana da rufe magana, kada ka canza ko harafi guda. Na uku, jarida tana bukatar ranar fitowarta. Gaskiya Ta Fi Kwabo, alal misali, ta fara fitowa a Zariya a 1939, ta kuma yi shekaru da dama ana buga ta, don haka sunanta kaɗai ba zai kai mai karatu ga labarin ba. Na huɗu, karin magana ba shi da mawallafi. Ya isa ka rubuta "Hausawa sun ce".

Idan baki da baki ka ji bayanin, ka faɗi wanda ya gaya maka, ko malaminka ne ko kakarka. Hausawa sun ce, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Aikin Yi

1. Mece ce madogara?
2. Rubuta wa abokinka wasiƙa game da wani littafin Hausa da ka karanta, ka ambaci madogararka a cikin jimla ɗaya.