Daɓen da Ƙasa ta Guje Masa

Tsohon birkila ba ya bukatar na'ura kafin ya gane daɓen da ke cikin haɗari. Guduma yake ɗauka ya bi ɗakin yana ƙwanƙwasawa. Inda kankare ya zauna daram a kan ƙasa, ƙarar a toshe take fita. Inda ƙasa ta zame daga ƙarƙashinsa kuwa, sai ya amsa kamar ganga. Kankare yana jure nauyin da ke danna shi, amma ba shi da juriyar lanƙwasa, shi ya sa ko kogon bai wuce kaurin yatsa ba, a kwana a tashi sai tsaga ta bayyana, tayil ya ɓalle, ƙofa ta fara gogar ƙasa.

Mai gida yakan ɗora laifin a kan siminti, ko ya ce magini ya yi ha'inci a kwaɓi. Sau da yawa laifin yana can ƙasa. Ana juye cikon marmara tifa guda a baje, a yayyafa ruwa, a zuba kankare a kai, alhali ƙa'idar aikin ita ce a zuba ciko hawa-hawa, kowane hawa kimanin santimita 15 zuwa 20, a daddaɓe shi da inji kafin a ƙara wani. Cikon da ba a daddaɓe ba zai zauna da kansa, amma bayan an tare a gidan. Sai kuma ruwa: bututun famfo da ke yoyo a ɓoye, indararon da ke zuba a gindin bango, salgar da gefenta ya rufta, duk suna kwashe ƙasa mai laushi kaɗan-kaɗan. A tsofaffin birane irin Kano akwai ƙarin matsala, wato kududdufan da aka cike da shara aka yi gini a kai. Shara tana ruɓewa, tana raguwa. A sassan Borno da Gombe da Adamawa kuwa akwai baƙar laka, wadda ake kira firgi a yankin Tafkin Chadi, mai kumbura da damina ta tsuke ta dare da rani, daɓe yana hawa yana sauka tare da ita.

Abin da aka saba yi shi ne a fasa daɓen a sake zubawa. A ɗakin kwana wannan mai yiwuwa ne. A sito mai cike da kaya, ko asibiti, ko masana'antar da injuna ke kafe, rufe wurin na makonni ya fi gyaran kansa tsada.

A wajajen 1930 ma'aikatan hanya a jihar Ayowa ta Amurka suka fito da wata dabara: a huda kankaren, a tura kwaɓin ƙasa da siminti da ruwa ta ramin da ƙarfin famfo, kwaɓin ya cike kogon, ya ci gaba da turawa har daɓen ya taso. Har yau ana amfani da ita saboda araha. Aibinta nauyi ne, domin ana ɗora wa ƙasar da tun farko ta kasa ɗaukar kaya wani sabon kayan. Daga baya kamfanin Uretek na ƙasar Finlan ya yi fice da wata hanya, ta kumfar roba, dangin wadda ake yin soson katifa da ita amma mai tauri. Ramin da ake hudawa bai wuce milimita 16 ba. Sinadarai biyu masu ruwa-ruwa suna haɗuwa a bakin bututu, su shiga ƙarƙashin daɓe, su kumbura cikin daƙiƙu, su bi kowane lungu. Ma'aikaci yana kallon ma'aunin leza, da zarar daɓen ya motsa milimita ɗaya ya gani, ya san kogon ya cika. Bayan kamar minti 15 kumfar ta yi taurin da za a iya takawa. In raunin yana can zurfi ne, sai a zura dogayen bututu a tura kumfar cikin ƙasar kanta, ta matse ta.

Birnin Kiraiscoc na ƙasar Niyu Zilan ya ga iyakar abin da irin wannan aiki zai iya. Girgizar ƙasar 22 ga Fabrairu 2011, wadda ta kashe mutum 185, ta mai da yashin ƙarƙashin birnin tamkar ruwa, gine-gine suka karkace. Babban gidan adana zane-zane na birnin, mai nauyin fiye da tan 30,000, ya nitse ta wani sashe da sama da santimita 10. Ba a rushe shi ba. Daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka fara ƙarfafa ƙasar da ginshiƙan siminti, sannan aka riƙa tura kwaɓi ta kafofi masu yawa, kwamfuta tana ƙayyade na kowace kafa, ginin yana tasowa a hankali har ya daidaita. An sake buɗe shi a Disamba 2015.

Sai dai duk ingancin kumfa ko kwaɓi, ba sa toshe bututun da ke yoyo. Wanda ya cike kogo ya bar ruwan da ya haƙa shi, wani kogon zai samu a gefen na farko. A baƙar laka ma lamarin ya fi wuya, domin cike giɓin da rani ya bari ba ya hana ta kumbura idan ruwa ya sauka, kuma in an cika da yawa daɓen na iya tasowa fiye da yadda yake. A irin wannan ƙasa injiniyoyi sun fi karkata ga kwashe lakar a maye gurbinta da marmara, ko a gauraya ta da farar ƙasa tun kafin gini, a kuma zagaye gidan da daɓen da zai kore ruwa nesa da harsashi. Don haka kafin a huda rami ko ɗaya, injiniyan ƙwarai yakan bi daɓen da na'urar rada mai nuna girman kogo, ya gwada layin famfo, ya duba inda ruwan rufi ke sauka, sannan ya faɗi kuɗin aiki.